Na bar ƙwaya, ina so in taimaki masu sha: wane karatu zan yi?

Assalamu alaikum Hajiya. Shekaruna 29, ina da takardar NCE, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Na shafe shekara biyar ina shan tiramol da kodin, tun lokacin da nake tuƙin a-daidaita-sahu. Allah ya taimake ni na daina, yau shekara biyu da wata huɗu ko ƙwaya ɗaya ban kai baki ba. Yanzu samarin unguwa suna zuwa wurina, iyaye ma suna turo min 'ya'yansu in yi musu faɗa. Ina so wannan ya zama sana'ata. Na ga talla a Facebook cewa idan na biya kuɗi za a ba ni satifiket cikin sati uku, kuma ina tunanin gyara ɗaki biyu a gidanmu na gado in fara ajiye yara. Mahaifiyata ta ce sam ba ta yarda ba, wai mai zama da 'yan ƙwaya komawa zai yi. Wane karatu ake yi? Dole sai mutum ya zama likita?

Ɗanki daga Kano.

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, barka da arziki. Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen masu shaye-shaye, na san abin da jiki yake yi wa mutum a makon farko na barin tiramol: ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, hamma da majina, ga barci ya ƙaurace wa ido. Wanda ya ratsa wannan, ya kuma riƙe kansa shekara biyu da wata huɗu, ya yi babban jihadi. Allah ya tabbatar da dugaduganka.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai sauƙi. A'a, ba dole sai ka zama likita ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, masu buƙata kuwa miliyoyi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka yi shaye-shaye a cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga cikinsu irin abin da ka sha ne, tiramol da kodin da danginsu. Ɗaya cikin biyar na dukan masu shaye-shayen kuma abin ya riga ya zame masa cuta mai buƙatar magani. Ko da kowane likita ya haƙura da barci, ba za su iya da wannan taro ba. Mafi yawan aikin, wato zama da mutum mako bayan mako har ya tsaya da ƙafarsa, yana hannun nas-nas da masana halayyar ɗan Adam da ma'aikatan walwalar jama'a da masu ba da shawara. Akwai gurbinka a cikinsu. Sai dai ƙofofi biyun da ka dosa, satifiket ɗin sati uku da ɗakunan gidan gado, ina roƙonka ka ja su ka rufe tun yanzu. Zan fara da ɗakunan, don su ne suka fi ɗaga min hankali.

Wata rana da asuba aka kawo mana wani yaro ɗan shekara 19, yayyensa biyu sun tallabo shi. Ya cije harshensa, jini ya ɓata gaban rigarsa, ga shatin igiya a wuyan hannayensa. Roci, wata ƙwayar sa barci, yake sha kullum, sai suka yanke shawarar kulle shi a ɗaki har ya daina. A dare na uku ya kama jijjiga kamar mai farfaɗiya, ana yayyafa masa ruwa ana tofi, abin ya ƙi tsayawa. Babban yayan yana tsaye a bakin ƙofa yana kuka, yana cewa, “Wallahi Anti don ya gyaru muka yi.” Na yarda da shi, ƙauna ce ta sa su. Amma saura ƙiris ƙaunar ta kai yaron kabari.

Roci da diyazafam da giya, idan jiki ya saba da su, yanke su lokaci guda yana iya kashe mutum. Likita ne yake rage su sannu a hankali yana auna bugun zuciya da hawan jini. Tiramol ɗin da ake sayarwa a bayan fage, mai miligiram 200 da mai 225, alhali abin da hukuma ta amince da shi bai wuce 50 ko 100 ba, shi ma yana jefa mutum cikin jijjiga. Wani mai wiwi zai zo maka yana jin muryoyi, wani kuma ciwon damuwa ne ya kai shi ga ƙwaya tun farko, ranar da ka raba shi da ita ranar zai fara tunanin kashe kansa. Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba: wanda aka tsare wata guda, jikinsa ya manta da yawan abin da ya saba. Idan ya fito ya koma ya sha adadin da yake sha a da, numfashinsa na iya ɗaukewa. Duk wanda ya ajiye yaro a ɗakinsa, waɗannan duka sun hau kansa, a gaban hukuma da gaban Allah.

Kai shaida ne kan abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidan mari, wasu da sasari a ƙafa, sannan irin haka ta biyo baya a Daura. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu suna biyan kuɗi, saboda ba su san wani wurin ba. Yanzu kuma akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan tsare mutum ba da son ransa ba. Ka bar ɗakunan nan ka sa 'yan haya, kuɗin ya taimaka maka wajen karatu.

Sai kalmar da ka yi amfani da ita, wai a turo maka yara ka yi musu faɗa. A nan zan ɗan daɗe, don ni ma a nan na yi tuntuɓe. Farkon zuwana sashen, aka ba ni wani magidanci direban babbar mota. Na zaunar da shi na yi ta zuba: illar ƙwaya ga hanta da ƙoda, hakkin iyali, tsoron Allah, mutuncin gidansu. Kansa a sunkuye yana ta cewa “Haka ne, Anti. Gaskiya ne, Anti.” Na fito ina jin na yi aiki. Babbar da ke koya mana, wadda take zaune a gefe duk tsawon lokacin, ta kira ni ta ce, “Kalma nawa ya faɗa?” Na yi shiru. Ta ce, “Kin san dalilin da ya sa yake sha?” Ban sani ba. Da ta zauna da shi washegari, tambaya ɗaya ta yi masa ta kama bakinta. Sai ga shi yana ba da labarin yadda maigidansa yake ƙayyade masa kwanakin kai kaya Legas da dawowa, yadda barci ya taɓa ɗaukar sa a kan sitiyari har ya kusa hallaka mutane, da yadda tun ranar yake tsoron kama hanya ba tare da ƙwaya ba. Duk wa'azin da na yi masa ya riga ya san shi, ya ji shi daga uwarsa da matarsa da limamin unguwa. Abin da bai taɓa samu ba shi ne wanda zai saurare shi har ya faɗi tsoronsa, sannan a zauna tare a nemo yadda zai ci abinci ba tare da tuƙin dare ba.

Wannan salo ana koyar da shi a aji, yana da ƙa'idoji. Wani masani ɗan Amurka, William Miller, shi ya fara bayyana shi a 1983, daga baya suka faɗaɗa shi tare da Stephen Rollnick. Tushensa shi ne mai shaye-shaye zuciyarsa biyu ce, ɗaya tana son bari ɗaya tana son ci gaba. Idan ka tsaya a ɓangaren bari kana matsa masa, shi sai ya koma ɗaya ɓangaren yana kare kansa. Don haka sai ka tambaye shi, “Me take yi maka da kake so?” Ya gama faɗa, ka ce, “To me take ci maka?” Ka bar shi da bakinsa ya kawo hujjar dainawa. Akwai kuma takardar tambayoyi ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna ASSIST, da ake auna zurfin shan mutum da ita, a gane wanda gajeriyar tattaunawa za ta ishe shi da wanda dole a miƙa shi asibiti. Tarihinka zai sa yaro ya saki jiki da kai fiye da yadda zai yi da ni. Amma hanyar da kai ka bi ka fita taka ce kai kaɗai, ba za ta yi wa kowa daidai ba, karatun shi zai nuna maka sauran hanyoyin.

Game da makaranta, hanyoyi huɗu ne sanannu a ƙasar nan. Akwai aikin jinya, inda bayan mutum ya zama nas zai ƙaro karatun jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa, ita ce hanyar da na bi. Akwai ilimin halayyar ɗan Adam, kamar yadda ake yi a Jami'ar Jos, amma sai an kai digiri na biyu a ɓangaren asibiti kafin a fara duba marasa lafiya. Akwai aikin walwalar jama'a. Sai kuma jagoranci da ba da shawara, wanda ɗalibai ke kira G&C, ana yin sa a tsangayar ilimi ta Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello a Zariya. Da ni ce kai, wannan ta ƙarshe zan ɗauka. Takardar NCE tana ba ka damar neman shiga aji biyu kai tsaye ta hanyar JAMB, ka gama cikin shekara uku, kuma ba ka yi asarar shekarun da ka yi a fagen koyarwa ba. Tun 2022 ma aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan sana'a rajista, saboda haka digirin zai ƙara daraja nan gaba.

Sai dai ka sani, digirin G&C ya fi karkata ga matsalolin ɗalibai, zaɓen sana'a da tarbiyya a makaranta. Abin da za a koya maka kan shaye-shaye kaɗan ne. Cikon yana cikin wani tsarin horo da ake kira UTC, wanda ƙungiyar Colombo Plan ta tsara da tallafin gwamnatin Amurka, ake koyar da shi a ƙasashe da dama har da Najeriya. Matakinsa na farko kwas takwas ne. Ana farawa da yadda ƙwaya take aiki a ƙwaƙwalwa da jiki, a bi ta kan matakan magani da cututtukan da ke tafiya tare da shaye-shaye, a koyi dabarun tattaunawa, tantance mai zuwa da rubuta tsarin kula da shi, bibiyar lamarinsa, abin yi idan rikici ya taso na gaggawa, a rufe da ladubban sana'a. Ƙungiyar ISSUP ta ma'aikatan wannan fage tana da reshe a Najeriya, ka shiga shafinsu ka yi rajista, a nan ake sanar da lokutan horo. Bayan UTC akwai jarrabawar ICAP mai hawa uku, takardar da ake ganewa har a wajen ƙasar nan. Hawa na farko yana neman awa 120 na horo, da shekara guda cur ko awa 1,500 na aiki a ƙarƙashin idon ƙwararre.

Ka sake karanta wannan adadi na ƙarshe. Aji awa 120, aiki a gaban na gaba awa 1,500. Waɗanda suka tsara abin sun san inda sana'ar take. Da ba don matar nan da ta zauna a gefe ta tambaye ni kalma nawa direban ya faɗa ba, da zan iya shekara goma ina wa'azi ina zaton magani nake yi. Kuskuren mai ba da shawara ba ya ganuwa ga mai shi, sai wani ya nuna masa. Don haka neman wanda za ka zauna a ƙarƙashinsa ya fi min komai muhimmanci a cikin duk abin da na lissafa maka, kuma ba sai ka jira digiri ba. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, mutane sun fi saninta da kame, amma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi. Ka rubuta takarda, ka sa kaya masu tsabta, ka je da kanka ka nemi a ba ka damar aikin sa kai ko da yini ɗaya ne a mako ko lokacin hutun makaranta. Wataƙila a fara sa ka jera kujeru da kiran suna. Ka karɓa. Ka sayi littafi mai kauri, duk ranar da ka je ka rubuta kwanan wata da awannin da ka yi da abin da ka gani, ba tare da sunan kowa ba, ka sa mai kula da kai ya sa hannu. Littafin nan shi za a nema ranar da ka tashi zana jarrabawa.

Da wannan ma'auni za ka auna tallan Facebook ɗin. Ka tambaye su wace hukuma ce ta san da takardarsu, su wane ne malaman kuma a wane asibiti suka yi aiki, sannan wa zai zauna ya ga yadda kake tattaunawa da mutum. Idan suka fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Gajeren kwas na intanet yana da amfani wajen buɗe ido, amma sati uku ba sa mai da mutum wanda za a damƙa wa ran ɗan wani.

Maganar Mama kuma, kada ka ɗauke ta a matsayin cikas. Ita ta ga shekaru biyar ɗin nan da idonta, ita ta yi kukan dare. Da ta ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, tana da hujja. Aikin nan zai sa ka ji warin abin da ka bari, ka ji sunayen dilolin da ka sani, ka zauna da mai ba da labarin daɗin da kai ma ka taɓa ji. Na ga ma'aikaci mai himma da ya koma bayan shekaru, kuma abin da ya kayar da shi kunya ce. Ya zama wanda ake nunawa ana misali da shi, sai ya kasa buɗe baki ya ce sha'awar ta dawo masa. Saboda haka kai ma ka samu naka mai sauraro, likita ko wani babba a fagen, wanda za ka riƙa gani a kai a kai kana gaya masa gaskiya. Kada ka bi yaro zuwa matattararsu da sunan ceto shi, kada ka zauna da tsofaffin abokan shanka a matsayin masu neman shawararka, ka miƙa su ga wani. Ka zaunar da Mama ka zayyana mata tsarin: makaranta, asibiti, likitoci a kusa, babu yaro ko ɗaya da zai kwana a gida. Idan da hali ka kai ta ta ga wurin da mutanen da za ka yi aiki a ƙarƙashinsu. Ina kyautata zaton abin da ta ƙi shi ne ganin ka kai kaɗai cikin 'yan ƙwaya. Ka nemi albarkarta kafin ka fara, aikin yana da nauyin da ba a ɗaukar sa da fushin uwa.

Ka kuma shirya wa ranar da yaron da ka fi sa rai a kansa zai koma. Za ta zo. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka tana ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani suna komawa, kusan yadda masu hawan jini da asma suke yi da nasu ciwon. Sabon ma'aikaci yakan ɗauki wannan a matsayin cin amana, ya yi fushi, yaron kuma ya ji kunyar dawowa. Ni abin da yake riƙe ni a irin wannan rana shi ne labarin sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, saboda shan giya. Da wani ya gaji ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Giyar ma ai ba rana ɗaya aka haramta ta ba, a mataki-mataki hukuncin ya sauka. Idan yaro ya dawo yana sunkuyar da kai, ka ba shi kujera ka tambaye shi me ya faru a ranar, da wa yake tare, me ya ji kafin ya sha, ku gyara tsarin daga nan.

Batun abinci, kada ka ajiye allinka. Guraben albashi a wannan fage ba su da yawa, suna asibitocin gwamnati da NDLEA da cibiyoyi masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji, kuma duka takarda da gogewa suke nema. Koyarwa ce za ta riƙe ka shekarun nan uku zuwa huɗu. Makarantar ma fage ce, don akwai tsarin horo na rigakafi mai suna UPC, ɗan'uwan UTC, wanda ya dace da malami ƙwarai.

Samarin da suke zuwa wurinka yanzu kuwa, kada ka kore su. Ka saurare su a wuri bayyananne, ƙofar gida ko harabar masallaci bayan la'asar. Kada ka ba kowa magani, kada ka ce wa mai roci ko diyazafam ko giya ya yanke yau. Duk wanda ya taɓa jijjiga, ko yake jin muryoyi, ko ya ambaci kashe kansa, ka kira iyayensa a ranar ku tafi asibiti tare. In ba irin wannan haɗari ba, abin da yaro ya gaya maka amana ce, ko uban da ya turo shi ya matsa maka kada ka kwashe ka faɗa, kuma ka sanar da su biyun wannan sharaɗi tun zaman farko. Idan uwa ta zo maka da maganar 'yarta, kada ka yi mamaki, binciken 2018 ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye mace ce, sai dai an fi ɓoye su a cikin gida. Ka haɗa su da ma'aikaciya mace a asibiti, kai kada ka keɓe da ita.

A makon nan ka je makarantar da ka gama ka karɓo sakamakonka na NCE, ka ajiye shi kafin JAMB ta buɗe sayar da fom, sannan ka rubuta takardar neman aikin sa kai. Idan ka kai ta, ka rubuto min abin da suka ce maka. Ka gaishe min da Mama.